Ƙullutun gindin babban yatsan ƙafa: yadda ake lallaɓa shi, da lokacin da ya kamata a yarda da tiyata

Abin yakan fara ne da takalmi. Wanda aka daɗe ana sawa lafiya lau sai ya fara cizo a gefe guda, daidai gindin babban yatsa, in an cire shi da yamma a tarar wurin ya yi ja ya ɗan tasa. Shekaru na tafiya, yatsan na ƙara kwantowa kan na kusa da shi, ƙullutun na ƙara fitowa, har sayen takalmi ya zama jidali. Likitoci suna kiran wannan lalura baniyon, kuma tana da yawa fiye da yadda ake zato. Wani nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya tattaro sakamakon bincike daga ƙasashe daban-daban, ya nuna kimanin kashi 23 cikin 100 na mutane 'yan shekara 18 zuwa 65 suna da ita, a tsakanin waɗanda suka haura 65 kuwa abin ya kusa kashi 36. Mata sun ninka maza har da ɗoriya.

Da yawa suna ɗauka wani ƙashi ne ya tsiro, ko ƙari ne ya fito, shi ya sa suke ta neman abin shafawa da zai narkar da shi. Ba haka ba ne. A bayan kowane yatsa akwai dogon ƙashi da ya taho daga tsakiyar ƙafa, su biyar a jere. Na farkon, wanda babban yatsa ke zaune a kansa, shi ne yake barin layinsa ya buɗe zuwa ɓangaren ɗaya ƙafar, yatsan kuma ya karkata wajen 'yan uwansa. Ƙullutun da ake gani kan wancan ƙashin ne ya turo fata. In takalmi ya yi ta gugarsa, 'yar jakar ruwan da ke tsakanin ƙashi da fata sai ta kumbura, wurin ya ɗau zafi. Da zarar gaɓar ta goce kuma, jijiyoyin da ke miƙe yatsan da lanƙwasa shi ba sa bi ta tsakiyarta, sai su koma gefe suna jansa kamar yadda tsarkiya ke jan baka. Wannan ne dalilin da ya sa lalurar takan ƙaru a hankali, ba ta komawa da kanta.

Saboda haka gara a san gaskiya tun farko: babu man shafawa, babu ɗauri, babu tausa da zai mayar da ƙashin manya mazauninsa. Tiyata ce kaɗai ke yin wannan. Amma abin da ke damun mutum ai zafin ne, shi kuma zafin daga guga da nauyi yake zuwa, kuma duka biyun ana iya rage su ƙwarai ba tare da an je ga wuƙa ba. Akwai mai ƙaton ƙullutu da ke yawonsa ba ya jin komai, akwai mai ɗan ƙarami da ya hana shi sakat. Zafi da yadda ƙafar ke aiki su ne ma'auni, ba girman abin a ido ba.

Me ke jawo shi? Gado ne kan gaba. Yawancin masu shi in suka duba za su ga uwa ko kaka ko goggo mai irin ƙafar. Abin da ake gada shi ne ƙirar ƙafa: shimfiɗaɗɗen tafi marar rami, ko jijiyoyi masu saki da yawa. Amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓa, shi ma yana kawo shi. Takalmi kuwa shi ne mai ingizawa. A 2021 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun fitar da sakamakon binciken ƙasusuwan mutum 177 da aka binne a garin Kambirij da kewayensa ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Cikin waɗanda suka rayu daga ƙarni na 11 zuwa na 13, kashi 6 cikin 100 ne kawai ke da alamar lalurar. A ƙarni na 14 da na 15, lokacin da aka yi yayin takalma masu dogon baki mai tsini, adadin ya kai kashi 27. Gado ba a canza shi, takalmi kuwa yau ma ana iya canzawa.

Mataki na farko: a tabbatar shi ɗin ne

Ba duk ciwon gindin babban yatsa ne baniyon ba, kuma maganinsu ya bambanta. In zafin ya zo farat ɗaya, galibi cikin dare, gaɓar ta kumbura ta yi jawur har ko mayafi ba a son ya taɓa ta, wannan ya fi kama da ciwon gawut, wanda taruwar wani sinadari a jini ke haddasawa, kuma yana da magungunansa daban. In ƙullutun a saman gaɓar yake, yatsan bai karkace ba amma ya sandare ba ya ɗaguwa sama, to zaizayewar guringuntsin gaɓa ce. In kuwa akwai zazzaɓi, ko mugunya, ko jan yana yaɗuwa zuwa bayan ƙafa, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana.

In an ga shi ɗin ne, a ajiye shaida. A taka farar takarda a tsaye, nauyi a kan ƙafar, wani ya zana kewayenta da biro, a rubuta kwanan wata. A ɗauki hoton ƙafafun biyu daga sama. Bayan wata 6 a sake. Ido yana gani kullum, don haka ba ya lura da canji, takarda ita ce za ta faɗi ko abin na ƙaruwa ko ya tsaya. Kada a yar da zanen, yana da aiki a mataki na gaba.

Mataki na biyu: takalmi

Nan ne rabin maganin yake, kuma nan ne mutane suka fi yi wa kansu ha'inci.

A fara da takalman da ke gida. A ɗora kowanne a kan zanen ƙafar. In zanen ya leƙo ta gefen takalmin, to kullum matse ƙafar ake yi kafin ta shiga. Wanda shimfiɗar cikinsa ke fita, a zaro ta a taka a tsaye, a ga ko gindin yatsan ya zarce gefenta. Duk wanda ya faɗi wannan gwaji a daina sa shi yau da kullum, komai kyansa, komai tsadar da aka saye shi.

In za a sayi sabo, a je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini. A gwada ƙafa biyu, a tsaye, da irin safar da za a riƙa sawa, a bi girman wadda ta fi girma. Ga abin da ake nema:

Gaban takalmin ya kasance mai faɗi da zurfi, zagayayye ko mai kusurwa huɗu, yadda yatsu za su iya motsi a ciki. Tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi a sami kimanin santimita 1. Fatar sama ta zama mai laushi ko yadi mai buɗewa, kuma a sa hannu a shafa ciki, kada ɗinki ya bi ta kan ƙullutun, don ɗinki ba ya saki. Dunduniya ta zama gajera, santimita 2 zuwa 3 ta wadatar. Duk tsawon da aka ƙara, nauyin jiki gaba yake zamewa, ya tura yatsu cikin matsatsin baki. Sannan ya kasance mai igiya ko maɗauri, wanda zai riƙe ƙafar daga tsakiya ya hana ta zamewa gaba. Wanda gaɓarsa ke ciwo in ya lanƙwasa ta wajen taku zai ji daɗin takalmi mai ɗan taurin ƙasa wanda gabansa ya ɗan ɗaga sama, domin yana mirgina ƙafar gaba ba sai yatsan ya lanƙwasa sosai ba.

Kurakurai biyu sun zama ruwan dare. Na farko, ƙara lamba don a sami faɗi. Takalmin da ya yi tsawo da yawa ƙafa na yawo a ciki, gugar sai ta ƙaru, ga haɗarin tuntuɓe. Faɗi ake nema, kuma akwai takalman da ake ƙerawa da faɗi daban-daban a lamba ɗaya. Na biyu, yarda da cewa "ai zai buɗe in an sa shi". Kafin ya buɗe ƙafar ta gama shan wahala. In bai yi daɗi a minti na farko ba, a bar shi.

Takalmin fata da ake ƙauna, wanda wuri ɗaya kawai yake cizo, mai gyaran takalmi zai iya buɗa daidai wurin. Mai igiya kuma ana iya sake zura igiyar a tsallake ramin farko na ɓangaren ƙullutun, nan take matsin zai ragu. Silifas da buɗaɗɗen takalmi ba sa gugar wurin, wannan alheri ne, sai dai wanda ba shi da maɗauri a baya yakan sa yatsu su riƙa damƙe shi, don haka bai dace da doguwar tafiya ba. Masu aikin da dole sai da takalmi mai ƙarfe a baki su nemi mai faɗin gaba, don shi ba ya buɗewa ko kaɗan.

Ban ce a haramta takalmin kwalliya har abada ba, na san ba mai bin wannan. A sa shi na sa'a biyu ko uku a wurin taro, a tafi da mai daɗi a jaka don hanya. Ɓarnar tana cikin abin da ake sawa daga safe zuwa dare ne.

Mataki na uku: kayan tallafi, da abin da kowanne zai iya

Akwai matashin roba mai laushi da ake zura wa yatsa ya rufe ƙullutun, yana hana guga. Akwai mai rami a tsakiya, wanda ake manna shi ya kewaye ƙullutun yadda takalmi zai danna gefe maimakon tsakiya. Akwai 'yar roba da ake sawa tsakanin babban yatsa da na biyu, tana hana su gogayya, wasu kuma suna jin sauƙi a gaɓar kanta muddin tana wurin. Sharaɗinsu ɗaya: duk abin da aka ƙara a cikin takalmi wuri yake ci. In takalmin dama a matse yake, matashin ƙara matsi zai yi. Shi ya sa takalmi ya zo kafin su.

Mai shimfiɗaɗɗen tafi, ko wanda ke jin zafi a ƙarƙashin yatsa na biyu da na uku, zai amfana da shimfiɗar cikin takalmi mai tallafar ramin ƙafa. Wannan zafi na ƙarƙashi yana zuwa ne don babban yatsan ya daina ɗaukar rabonsa na nauyi, ya bar wa ƙananan. A fara da ta kanti, sa'a ɗaya ko biyu a rana, a riƙa ƙarawa. In ba ta yi ba, likitan ƙafa zai iya auna wadda za a ƙera daidai ƙafar.

Sai abin ɗaurin dare, wanda ke jan yatsan ya miƙe yayin barci. Shi ne aka fi tallatawa a intanet, da hotunan "kafin" da "bayan", da alkawarin miƙe yatsa cikin 'yan makonni. Wasu yana rage musu zafi da sandarewar safe, wannan gaskiya ne. Amma da an cire shi an taka ƙasa, yatsan inda yake zai koma. Wanda zai saya ya saya don sauƙin zafi, kuma in yana sa yatsan mutuwa ko canza launi, a sassauta ko a bari.

Mataki na huɗu: ranar da ciwon ya motsa

A cire takalmi, a ɗaga ƙafar bisa matashi. A naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora minti 5 zuwa 10, kada ta taɓa fata kai tsaye. Farasitamol ya isa a yawancin lokuta: babban mutum milligiram 500 zuwa 1,000 a lokaci guda, tazarar sa'a 4 zuwa 6, kada ya wuce giram 4 a sa'a 24. Ibufurofen ya fi taɓa kumburi, amma ba na kowa ba ne. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, da mai asma da irin waɗannan magunguna ke tayar masa, su nisance shi sai da izinin likita, haka ma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambaya tukuna. A sha shi bayan cin abinci, na 'yan kwanaki, kuma kada a haɗa shi da dikilofenak, dangi ɗaya ne, haɗa su ninka illa ne. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki, kuma da yake gaɓar a kusa da fata take, yakan yi aiki. Wanda ya ga kullum sai ya sha magani kafin ya iya fita, ya wuce matakin kula da kai a gida.

Kanta, wato fatar da ta yi kauri saboda guga, takan fito a gefen yatsan ko a ƙarƙashin tafi. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, a goge a hankali da dutsen goge ƙafa, a shafa mai. Reza ba ta da wuri a nan. Haka nan kada a bari kowa ya fizgi yatsan da ƙarfi wai zai mayar da shi, ko ya tsaga ƙullutun wai zai fitar da abin da ke ciki. Ba targaɗe ba ne, kuma ba abin da ke ciki sai ƙashin mutum da gaɓarsa. Tsaga wurin buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne zuwa cikin gaɓa.

Mataki na biyar: motsa ƙafar

A gefen tafin ƙafa akwai tsokar da aikinta shi ne jan babban yatsa nesa da sauran. A masu wannan lalura takan yi rauni. Ƙarfafa ta ba zai goge ƙullutun ba, amma ƙananan bincike sun nuna yana rage zafi, musamman ga wanda abin bai yi nisa ba, kuma ba ya cin ko sisi.

A zauna a kujera, ƙafa ba takalmi a ƙasa. A ɗaga yatsun biyar, dunduniya da gaban tafi na manne da ƙasa, a baje su iya bajewa. A sauke ƙaramin yatsa yana can gefe, sannan a sauke babban ana tura shi nesa da 'yan uwansa. A riƙe daƙiƙa 5, a saki, sau 10. Kwanakin farko yatsan zai ƙi jin magana, ko tsokar ta ɗaure. A taimaka masa da hannu, kada a karaya, a hankali zai fara amsawa.

Na biyu, tafi na ƙasa, a yi kamar za a jawo gindin yatsu zuwa dunduniya ba tare da an naɗe yatsun ba, har ramin ƙafa ya ɗan ɗaga. Shi ma daƙiƙa 5, sau 10. In an ƙware a zaune sai a koma yi a tsaye. Bayan nan a kama babban yatsan da hannu, a kawo shi daidai a hankali iya inda ba zafi, a lanƙwasa sama da ƙasa don kada gaɓar ta sandare.

Na ƙarshe mutane sukan raina shi, alhali yana da tasiri: miƙe tsokar bayan ƙwauri. In ta ɗaure, nauyi yakan taru a gaban ƙafa. A fuskanci bango, a dafa shi, a mayar da ƙafa ɗaya baya, gwiwa a miƙe, dunduniya a ƙasa, a jingina gaba har a ji ja. Daƙiƙa 30, sau 3 kowace ƙafa. A yi waɗannan kullum na wata biyu zuwa uku kafin a yanke hukunci a kansu. Mai ƙiba kuma in ya rage nauyi, gaɓar za ta samu sassauci a kowane taku. In tafiya na tayar da ciwon, keke da iyo suna motsa jiki ba tare da sun danne ta ba.

Masu ciwon suga, da waɗanda jini ba ya isa ƙafarsu sosai

Ku hukuncinku daban ne, kuma ina roƙo a ɗauki wannan da gaske. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, sai takalmi ya ci fata har ya huda mutum bai sani ba, kuma kan ƙullutun nan na daga cikin wuraren da gyambo ya fi fitowa. A duba ƙafa kowace rana, har da tsakanin yatsu da ƙarƙashi, da madubi in ta kama. A zura hannu cikin takalmi kafin a sa. Ba ƙanƙara, ba ruwan zafi, ba filastar cire kanta mai sinadarin da ke cin fata, ba yankan kanta a gida. Ja da bai baje ba bayan cire takalmi, ko bororo, ko ɗan rauni komai ƙanƙantarsa, a nuna wa ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya, ko da babu zafi.

Mataki na shida: ganin likita

A je in an yi makonni ana bin matakan nan zafin bai ragu ba, ko ya hana aiki da barci, ko babban yatsan ya fara hawa kan na biyu ko shiga ƙarƙashinsa, ko na biyun ya fara ƙudundunewa. Tsofaffi da suka fara tangaɗi su ma su je, domin lalurar tana rage daidaiton tsayuwa, tana ƙara haɗarin faɗuwa.

Likita zai sa a ɗauki hoton ƙashi, kuma a tsaye ake ɗaukarsa, don a kwance karkacewar ba ta nuna ainihinta. A hoton yana auna kusurwar da ke tsakanin yatsan da dogon ƙashin. Ƙasa da digiri 15 lafiya ne, zuwa 20 kaɗan ne, 20 zuwa 40 matsakaici, sama da 40 ya yi tsanani. Wani lokaci akan yi allurar rage kumburi in jakar ruwan ta ƙi lafawa. Sauƙinta na ɗan lokaci ne, kuma ba a son maimaita ta da yawa domin tana raunana naman da ke riƙe da gaɓar.

Yara da matasa ma suna samun lalurar, galibi ta gado. A wurinsu likitoci sukan jinkirta tiyata har ƙashi ya gama girma, saboda lalurar ta fi saurin dawowa in an yi da wuri.

Mataki na bakwai: tiyata

Tiyata tana aiki, bai kamata a tsorata mutane da ita ba. A wani gwaji da aka yi a Finlan aka wallafa a 2001, an raba mutum 209 masu ciwon gida uku: wasu aka yi musu tiyata, wasu aka ba su shimfiɗar takalmi, wasu aka ce su jira. Bayan shekara guda, kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun ce sun samu sauƙi, masu shimfiɗa kashi 46, masu jira kashi 24. Amma a lura, duk masu jin zafi ne aka ɗauka. Ƙafar da ba ta ciwo ba ta da ribar da za ta ci, sai dai haɗarin. Ni a ganina yin tiyata don kyan gani kawai, ko don a koma wa matsattsen takalmi, kasada ce da ba ta cancanta ba. Wani babban nazari na 2018 ya gano kusan mutum 1 cikin 10 ba su gamsu da sakamakon ba. Gaɓar na iya sandarewa, fatar yatsan na iya mutuwa ta daina ji, zafi na iya komawa ƙarƙashin sauran yatsu, ƙashi na iya jinkirin haɗewa, yatsan na iya wuce gona da iri ya karkata ɗaya ɓangaren, kuma karkacewar na iya dawowa bayan shekaru.

Hanyoyin aikin sun haura 100, abin da ke nuna babu guda da ta dace da kowa. Aske ƙullutun kawai ba ya wadatarwa, tunda ƙashin da ya goce yana nan a goce. Abin da aka fi yi shi ne a yanka dogon ƙashin, a matso da shi layinsa, a kafe da ƙananan sukurori. In karkacewar kaɗan ce zuwa matsakaiciya, yankan kusa da kan ƙashin ake yi. In ta yi yawa, ko gaɓar tsakiyar ƙafa na da saki, akan manne gindin ƙashin da wanda ke bayansa, aikin da ke ɗauke da sunan Paul Lapidus, likitan ƙashi na Amurka da ya bayyana shi a 1934. In guringuntsin gaɓar yatsan ya riga ya lalace, akan manne gaɓar gaba ɗaya: zafi ya tafi, amma yatsan ba zai ƙara lanƙwasawa daga nan ba. Akwai kuma ta ƙananan huji, wadda tabonta kaɗan ne, sai dai ita ma ƙashi ake yankawa, kuma ƙashi lokacinsa yake ɗauka kafin ya haɗe.

Kafin a sa hannu a takarda, a tambayi likitan: wace hanya zai bi, kuma me ya sa ita? Yaushe za a fara taka ƙafar? Me za a yi in ya dawo? Mai shan taba ya daina makonni kafin aikin ya kuma ci gaba da ƙauracewa bayansa, don taba na jinkirta haɗewar ƙashi da warkewar rauni. Mai suga ya daidaita sugansa tukuna.

Galibi a ranar ake sallama. Mako biyun farko na kwanciya ne, ƙafa a sama da matakin ƙugu mafi yawan yini, bandeji a bushe, ba a taɓa ɗaurinsa domin shi ke riƙe da yatsan a sabon mazauninsa. Wajen mako 2 ake cire ɗinki. Kimanin mako 6 ana cikin takalmi na musamman mai taurin ƙasa, wasu har da sandunan dogarawa, gwargwadon irin aikin, sannan a sake hoto a ga ko ƙashin ya kama. Tuƙi sai bayan mako 6 zuwa 8, musamman in ƙafar dama ce. Mai aikin zaune yakan koma da wuri, mai aikin tsaye na iya kai mako 12. Gudu da wasanni sai wata 3 zuwa 6, kumburi kuwa yakan riƙa zuwa yana tafiya har shekara. In likita ya ba da izinin fara motsa yatsan, a yi da gaske ko da ba daɗi, don sandarewar da ta kama a watannin farko tana da wuyar sakuwa daga baya.

Zazzaɓi, ruwa mai wari daga raunin, zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko yatsan ya yi fari ko shuɗi, duk na komawa asibiti ne ba jira. Kumburi da ciwo a bayan ƙwauri na iya zama daskarewar jini a jijiya, in kuma aka ji numfashi na sarƙewa ko ciwon ƙirji, gaggawa ce ta nan take.

Wanda ƙafafunsa biyu ke da lalurar zai so a gama a lokaci ɗaya, jinya guda, hutu guda. Ana yin haka, amma sai an tabbatar akwai mai kula da shi a gida na makonnin farko, tunda ba ƙafar da zai dogara da ita wajen shiga banɗaki ko hawa bene. Mai zaman kansa, ko mai ƙananan yara, ko tsoho, ya fi masa a fara da wadda ta fi ciwo, a bar 'yan watanni ta warke, sannan a duba ko ɗayar ma har yanzu tana bukatar aikin.